Baffa da Gonar da Lissafi Ya Ce a Sayar

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Mun rufe Baffa, ƙanin mahaifina, da hantsin wata Talata ta tsakiyar damina, muka dawo muka zazzauna a ƙofar gida kamar kajin da ruwa ya doka. Ni da ake cewa ko barci nake yi bakina yana aiki, ranar na lalubi magana na rasa. Masu ta'aziyya ne suka yi maganar, ni ina kwasa.

Wani Alhaji mai fataucin hatsi, wanda cikinsa yake riga shi shiga zaure, ya durƙusa gaban Baba, wato mahaifina, da ƙyar ya ce, "Baba, ya haƙuri? Wallahi ni aka yi wa mutuwar nan. Yanzu wa zai riƙa hana ni?"

Wani ya ce, "Hana ka me, Alhaji?"

Ya ce, "Komai. Ni ai ban taɓa yin dabara ba sai da Malam ya hana ni wata."

Can sai ga mota cike da tsofaffin ɗalibansa, masu aikin banki da kamfanoni, sun sha fararen kaya, suna gaisuwa rabi Hausa rabi Turanci, suna neman inda za su sa takalmansu taɓo bai taɓa ba. Bayansu sai maƙwabcinmu Bafulatani, abokin wasanmu, domin mu asalinmu Barebari ne: kakan Baba ya taso daga Barno da jakunan kanwa, ya yada zango a nan bayan Tofa, gajiya ta hana shi gaba. Ya tsaya da sandarsa ya ce, "Barebari, an yi asara. Mutum ɗaya tak gare ku da ya iya ƙirga abin da ya wuce yatsun hannu, shi ma Allah Ya karɓi abinSa." Aka yi dariya kaɗan. Da ya juya zai zauna na ga yana share ido da bakin rawani.

Dillalan filaye ma sun zo. Addu'arsu ta fi ta liman tsawo, amma hannuwansu na sama, idanunsu na kan gonarmu ta bakin titi.

Baba kuwa, wanda shi ne babba, shi ya goyi mamacin a bayansa suna yara, bai ce komai ba sai "Da godiya." Wuni guda, "Da godiya." Ko da aka ce ya shiga ciki ya huta, "Da godiya."

Abin da ya sa nake wannan rubutu, na lura kowa da Baffan da ya sani, kuma kowa zai tafi da nasa. 'Yan birni sun san malami. Mu a ƙauye mun san mutumin da ba a tambayarsa hanya ya nuna, sai ya tambaye ka me za ka je yi.

Ban taɓa iya faɗin sunan karatun da ya yi ba tare da na ciji harshena ba. Kakarmu, Allah Ya ji ƙanta, ita ta fassara mana shi, ta ce Auta ya yi karatun raba abin da bai isa ba. Auta ake ce masa a gida har ya yi furfura. Ya yi shekaru a wani kamfani a birni, shi ke tsara wace mota za ta bi wace hanya, wane kaya za a tara a sito, wane za a sake, yaushe za a sayi ɗanyen kaya, yaushe za a jira. Daga nan wani banki ya ɗauke shi yana auna musu inda za su sa jari da inda za su gudu. Da ya gaji ya koma koyarwa. Shi da bakinsa cewa yake kowace shawara murhu ce mai duwatsu uku: abin da kake so, abin da kake da shi, da abin da ya ɗaure ka. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife, sai a ce ƙaddara.

Wahalar zama da shi ke nan. Ka ce, "Baffa, in sayi babur ko in ƙara tumaki?" Sai ya gyara tabarau ya ce, "Ya danganta." Na rantse da a ce gobara ta tashi ka tambaye shi ta wace ƙofa za a fita, sai ya ce ya danganta da inda iska take kaɗawa, kuma abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Alhajin nan mai hatsi ya taɓa zuwa masa da zafinsa, wai zai zuba duk jarinsa a riɗi.

Baffa ya ce, "In riɗi ya faɗi fa?"

"Ba zai faɗi ba, Malam."

"Kai ne riɗin?"

Alhaji ya ce to zai raba, rabi riɗi rabi wani abin da shi ma Turawa ke saye. Baffa ya ce wannan ba rabo ba ne, jakuna biyu ne a igiya guda, in ɗaya ya faɗa rami zai ja ɗan'uwansa. Ya zaunar da shi ya nemo masa kayan da ba sa tashi tare ba sa faɗuwa tare, wanda fari ke ɗagawa da wanda ruwa ke ɗagawa, wanda ake ci a gida da wanda ake fitarwa. Shekarar kuwa riɗi ya yi tashin da bai taɓa yi ba. Alhaji ya dawo yana huci, ya ce an hana shi zama attajirin Kano. Baffa ya bar shi ya gama, ya ce, "Alhaji, ban ce zan sa ka fi kowa ba. Cewa na yi ba za ka kwana a tasha ba." Alhaji ya yi wata guda yana fushi, ya dawo da buhun shinkafa da sabuwar tambaya.

Akwai kuma mai ƙosai ta bakin masallacinmu, wadda miji ya rasu ya bar ta da marayu. Kullum ko ta niƙa wake da yawa ƙosai ya yi kwantai, ko ta niƙa kaɗan ta riƙa ba mutane haƙuri. Baffa ya tsuguna gefen kaskonta, da babbar rigarsa, kamar mai neman aiki.

"Baiwar Allah, wanne ya fi miki ciwo, ya ragu ko ya kasa?"

"Malam, in ya ragu ai 'ya'yana su ci. Amma mutum ya zo da kwanonsa in ce babu, ina zan sa fuskata?"

"To kunya ma tana da farashi. Mu sa ta a ciki."

Ya bi ta da tambaya, ranar kasuwa yaya, ranar ruwa yaya, lokacin da 'yan ƙwadago ke gona yaya, har ya fitar mata da awon kowace irin rana. Ta ce ya yi mata daidai. Sai dai duk Asabar in ya zo, abin da ya ragu a tire shi yake sayewa, ya ce a kai gidanmu. Na ce, "Baffa, ai kai kake ɓata lissafin naka." Ya ce, "Ni ba mai saye ba ne?" Mun ci ƙosai a gidan nan har zufata ta koma man gyaɗa, har kajinmu suka fara kallon wake da ƙiyayya.

Asabar ita ce ranarsa. Gidansa yana Rijiyar Zaki, can ya haifi 'ya'yansa, can suka girma ba su san bambancin gero da maiwa ba. Amma duk Asabar sai ya shigo da tsohuwar motarsa duba gonar gado, wadda shi da Baba ba su taɓa rabawa ba. Gona ce mai kyau a bakin titi, da ɗorawa a tsakiya, da gamba a kan iyaka. Ita ce ta jawo rigimar da ta cinye mana sauran shekarunsa.

Birni ne ya miƙo ƙafa. Gonakin da muke kai wa taki suka fara komawa fulotai, masu awon igiya suna yanka su kamar tsire. Dillalai suka yi wa zaurenmu sansani. Mu 'ya'ya muka ɗau zafi, ni a gaba, don ni ne ɗan fari, kuma duk abin da ake ce wa noman gandu a gadon bayana yake sauka. Ranar wata Sallah, bayan an sauko daga idi an ci an sha, muka tayar da maganar gaban kowa. Baba ya saurara, ya ce, "A tambayi Auta. Shi ya yi karatu."

To duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan magana. In babba ya ce a tambayi ƙaninsa a gaban yara, ba tambaya yake nema ba, cewa yake ka tsaya a bayana. Jariri ma ya sani. Akuyar da ke ɗaure a tsakar gida ta sani. Baffa kaɗai ne ya ɗauka aiki aka ba shi, ya ce a ba shi lokaci.

Ya dawo da kwamfutarsa a jaka, amma da ya ga idon Baba a kanta sai ya ajiye, ya ɗauki kara ya share ƙasan zaure. Ya zana bishiya. Wannan reshe, a ci gaba da noma, ga tsadar taki, ga 'yan ƙwadago, ga shekarar da ruwa zai ɗauke. Wannan, a jira farashi ya ƙara tashi, amma ga reshen da hukuma za ta iya faɗaɗa titi ta cinye gaban gonar. Wannan, a sayar yanzu, a sayi wadda ta ninka ta can bayan Bici inda ƙasa ke da sauƙi, abin da ya ragu a juya shi. Ya ce kwamfutar ta noma gonar nan damina dubbai a zaune guda, mai kyau da marar kyau, ta kuma sayar da ita sau dubbai. Kusan duk inda aka bi, reshen sayarwa ne ke rinjaye.

Mu yara har mun fara murmushi. Ni a raina na riga na sayi mota na yi mata fenti.

Baba ya ce, "Ka gama?"

"Na gama, Yaya."

Baba ya miƙe, ya sa ƙafa ya share bishiyar tun daga saiwa har ganye. Ya ce, "Gyaɗar gonar nan ce ta kai ka makarantar da ka koyo zanen nan. Wane reshe ka sa ta?" Ya shige gida. Daga tsakar gida muka jiyo shi: "Ba a sayarwa."

Damina guda Baba bai yi masa magana kai tsaye ba. Za su zauna a tabarma ɗaya ƙarƙashin ɗorawa, gwiwa na gogar gwiwa, sai Baba ya dube ni. Da yake ni ɗan fari ne bai taɓa kiran sunana ba, sai ya ce, "Kai, gaya wa Auta furarsa tana tsami." Ni kuma in juya in ce, "Baffa, wai furarka tana tsami." Baffa ya ce, "Ka ce wa Yaya na gode." Na zama wayar tarho da gemuna, ba kati ba albashi.

Muka koma zuga Baffa. Rabin gonar nasa ne, shari'a ta ba shi, yana iya cewa a raba ya sayar da nasa, in ya so Baba ya ga ba riba ya bi. Wata rana ya rage mini hanya zuwa Tofa, na buɗe masa wuta a mota.

"Baffa, lissafinka ƙarya ne?"

"Gaskiya ne."

"To ka bi shi mana."

Ya kauce wa wani rami. Sannan ya ce, "Ɗana, ni aka tambaya wanne ya fi kawo kuɗi, na amsa. Amsar nan ko gobe ita ce. Amma Yaya ba wawa ba ne, ya fi mu sanin gonar nan ba ta biyan wahalarta. Akwai abin da yake so wanda bai faɗa ba. Dutse ɗaya na murhun ba ya wurin. Ban taɓa ba kamfani shawara ban san abin da mai kamfanin yake so ba, ba zan fara a kan ɗan'uwana ba."

"To ka tambaye shi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai kana iya tambayar ubanka abin da ke ransa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ni ubana ne da wana a haɗe."

Mutumin da ya titsiye manajojin banki da tambaya, ya titsiye Alhaji, ya titsiye mai ƙosai, ya kasa yi wa mutum ɗaya tambaya ɗaya. Ya gwada ta bayan gida. Ya ce ko kabarin wani ne a ciki, babu. Ya ce ko sunan gida ne, a bar wa Baba gindin ɗorawa da kewayenta a sayar da saura, Baba ya ƙi. Ya ce ko tsoron a cinye kuɗin ne, ya tsara yadda ba wanda zai taɓa uwar kuɗin, Baba ya ce Auta ya mayar da shi yaro. Duk shekara bayan kaka sai ya sabunta lissafinsa ya kawo, Baba ya yi fatali da shi, a kawo zabuwa su ci. Tun ranar Juma'a da yamma Baba yake sa a kama zabuwar, ya sa a share gindin ɗorawa. In Asabar ta kusa kuma ya ji Baffa yana da wani taro a birni, sai ya ce, "Kai, buga masa ka ce tsutsa ta shiga masara, ya zo ya ga gonarsa." In je in duba, tsutsa ɗaya ce, ita ma da alama baƙuwa ce.

Ni kuwa na gaji. Ba wasa a wannan. Gidaje suka kewaye mu, gonar ta zama tsibiri tsakanin katangun bulo. Leda ta fi ciyawa yawa. Awakin sababbin maƙwabta suka mayar da wakenmu abincin rana, in ka yi magana a ce kai ne ka kawo gona cikin unguwa. Sa'o'ina da suka sayar, wasu sun yi arziki, wasu sun ƙara aure sun tsiyace, amma ko waɗanda suka tsiyace sun huta da bayansu. Ni duk damina ina duƙe tsakanin tsofaffi biyu, ɗaya ya ce ba a sayarwa, ɗaya ya ce a sayar amma ba zai sayar ba. Na sha yin addu'a Allah Ya raba ni da gonar nan. Ban taɓa cewa ta yaya ba.

Ciwo ya fara kama Baffa a hankali, ƙafa ta kumbura, numfashi ya gajarta. Ya daina tuƙi, babbar 'yarsa ta riƙa kawo shi. Daga baya ko fitowa daga motar ba ya iyawa, sai a tsayar da ita a bakin gona a sauke gilashi. Baba, da sandarsa, ya tako ya dafa ƙofar motar, su yi ta yi daga nan. Zuwansa na ƙarshe ina tsaye, na ji Baffa ya ce da muryar da ba ta fita sosai, "Yaya, lissafin bana ma ya ce a sayar."

Baba ya ce, "Lissafin bana ma ya ci gidansu."

Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Baba ya miƙa hannu ta taga ya gyara masa hula, abin da ban taɓa gani ba, ya ce wa 'yar, "Ki tafi da shi a hankali, titin nan ba kyau."

Bayan an yi sadakar bakwai baƙi suka watse, aka naɗe tabarmi. 'Ya'yan Baffa suka same ni a gefe. Yaran kirki ne, ba su ce komai ba sai cewa rabon mahaifinsu yanzu nasu ne, amma ba za su motsa ba sai abin da Baba ya ce, haka ya bar musu wasiyya da baki. Na ce to mun shiga uku, an mutu an bar mini gona da rigimarta.

Da Asabar ta zagayo, da safe, aka ce Baba yana kirana a gona. Na same shi a gindin ɗorawa, an share wurin kamar kullum. Gyaɗa ta yi kore shar, ta rufe kunya. Na gaishe shi na tsuguna.

Ya ce, "Kai, dillalin nan mai jar hula, wanda ya fi sauran kunya. Ka kira shi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. "Baba, na me?"

"A sayar. A yi yadda Auta ya zana, a sayi ta bayan Bici, yaransa su ɗauki nasu. Lissafinsa daidai ne. Tun ranar da ya zana na san daidai ne."

Maganar da na yi shekara da shekaru ina roƙo ke nan, ta zo ta same ni ba ko ɗigon murna. Na ce, "Baba, to duk wahalar nan ta mece ce?"

Ya juya ya dubi titi. Motoci suna wucewa ta wajen birni.

"Innarmu ta rasu. Ɗakin Auta na cikin gida ya rushe. 'Ya'yansa 'yan birni ne. Me ya rage masa a garin nan in ba gonar nan ba? Da na sayar, sai Sallah, sai kuma ranar da zai zo ɗaukar gawata." Ya gyara sandarsa a kan cinya. "Ga shi ni na ɗauki tasa."

Na ce, "Baba, ai da ka gaya masa. Wallahi nema ya yi ta yi. Da ka ce ya riƙa zuwa, zai zo ko babu gona."

Ya juyo ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni in ce wa Auta ina son ganinsa? A ina ka taɓa jin haka?"

Ya miƙo hannu na ɗaga shi, ya yi nauyi fiye da yadda na sani. Muka fara takawa ta kan iyaka, yana kauce wa gyaɗar da ta yaɗo hanya.

Ya ce, "Ka gaya wa dillalin ya jira a cire ta bana. Da shi muka shuka."

Allah Ya ji ƙan Baffa, Ya yalwata masa makwancinsa, Ya yi masa hisabi mai sauƙi, shi da ya sauƙaƙa wa mutane nasu. Allah Ya ba Baba haƙurin ranakun da suka rage masa. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.